Shirye-shiryen lambu a talabijin ɗin Birtaniya: abin da masu kallo ke ƙorafi a kai, da inda suke da gaskiya

Daga watan Maris zuwa ƙarshen kaka, kusan kowace Juma'a da dare tashar BBC Two tana nuna shirin Gardeners' World, wanda aka fara tun 1968. Mutum ne a cikin lambu, yana shuka, yana dashe, yana sassabe reshe, yana bayani. In ka ji haka sai ka ɗauka babu abin faɗa a ciki. Amma da wuya a gama shirin ba a tashi da gardama ba: wannan ya ce an cika nuna karnukan mai gabatarwa, wancan ya ce lambun ya fi ƙarfin talaka, wani ya ce ya bi shawarar da aka bayar tumatirinsa ya mutu. Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin ƙorafin nan tushensa ɗaya ne: shawarar aikin lambu tana ɗaure da ƙasar da aka gwada ta da sanyin wurin da girman filin, ita kuwa talabijin ga ƙasa baki ɗaya take magana lokaci guda.

Kafin a shiga wannan, sai an san mutanen da ake gardama a kansu, domin Turawan Ingila suna auna kowane sabon mai gabatarwa da wanda ya gabace shi. Percy Thrower ne ya riƙe shirin a shekarunsa na farko, gadina ne na gaske da ya yi aikin kula da lambunan hukuma a garin Shrewsbury, yana aiki da taye a wuya. A 1976 BBC ta rabu da shi saboda ya yarda ya fito a tallan kayan lambu na kamfanin ICI. Tun daga lokacin masu kallo suke sa ido a kan duk wanda ya yaba wani taki ko magani a shiri, su ce ko biyansa aka yi. Bayan wasu sun ɗan riƙe, sai Geoff Hamilton ya zama jigon shirin daga lambunsa na Barnsdale a yankin Rutland, har ya rasu a 1996. Har gobe tsofaffin masu kallo shi suke ambata idan za su kushe na yanzu, kuma dalilinsu a fili yake. Hamilton mutum ne mai neman sauƙi. Zai ɗauki guntayen katako da leda ya harhaɗa akwatin renon iri, ya cuɗa siminti da yashi da zaren ɓawon kwakwa ya yi dutsen ado, don kada mutane su riƙa sayen duwatsun da ake fasowa daga tsaunukan arewacin Ingila. Mai ƙaramin albashi yana kallo ya ce wannan zan iya.

Alan Titchmarsh ya karɓa daga 1996 zuwa 2002. Ya fara aikin gadina yana ɗan shekara 15 a garin Ilkley, ya kuma yi karatu a lambun Kew, saboda haka ba mai cewa bai san aikin ba, abin da aka fi zarginsa da shi shi ne zaƙin baki. Monty Don ya zo a 2003, shi kuwa bai yi makarantar lambu ba, da can sana'ar kayan ado na mata yake yi kafin kasuwar ta karye. Ƙwararru sun yi ta gunaguni a kan haka. Ya sauka a 2008 bayan ya yi ƙaramin shanyewar jiki, aka ɗauko Toby Buckland, wanda ya yi karatun aikin sosai, aka mayar da shirin wani fili a Birmingham da aka sa wa suna Greenacre. Nan ne aka yi tsugune ba ta ƙare ba. Masu shirya shirin suka cika shi da raha da ƙananan dabaru na minti ɗaya ko biyu don jawo matasa, tsofaffin masu kallo suka ce an raina musu hankali, suka riƙa janyewa. A 2011 aka dawo da Monty Don, wannan karon daga lambun gidansa, Longmeadow, a yankin Herefordshire.

Wannan tarihin yana nuna wani abu da masu kallo ba su cika lura da shi ba. Wanda ya fi takardar shaida shi aka zarga da sassauta shiri, wanda ya koya da hannunsa shi aka karɓa a matsayin malami. Laifin da aka ɗora wa Buckland galibi na masu tsara shirin ne, su suke yanke minti nawa za a ba dashen kabeji, minti nawa za a ba hira. Sannan filin Birmingham ba na kowa ba ne, ma'aikata ne ke zuwa su tafi. Mai kallo yana son ya ga mutum a lambun da yake kwana a cikinsa, inda idan ruwa ya yi ambaliya shi ma ya ji a jikinsa.

Sai dai lambun gidan ma ya zo da nasa ƙorafin. Longmeadow ya kai kamar eka biyu, wato kusan murabba'in mita 8,000. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar a 2020 cewa matsakaicin lambun gida a ƙasar murabba'in mita 188 ne, kuma gida ɗaya cikin takwas ba shi da lambu ko kaɗan. Ke nan mai gabatarwa yana magana daga fili da ya ninka na mai kallo sau arba'in da wani abu. Bambancin ya wuce na ido. Mai eka biyu yana da wurin jera ramukan taki uku ko huɗu, wannan yana cika wancan yana ruɓa, yana da ɗakin gilashi mai ɗumi don renon iri tun watan Fabrairu, yana da wurin ajiye tukwanen da furanninsu suka gama a kawo wasu. Mai ɗan tsakar gida a Manchester tagar kicin ce ɗakin renonsa. Idan ya bi kalandar talabijin ya shuka tumatir a Fabrairu, irin zai tsiro lafiya a ɗumin digiri 18 zuwa 21, amma hasken da ke shigowa ta taga ɗaya a wannan watan bai isa ba. Tsiron sai ya miƙe siriri, fari-fari, yana karkata wajen taga, kafin lokacin fitar da shi waje ya yi ya riga ya galabaita. Da ya jira tsakiyar Maris ko farkon Afrilu, kamar mako shida zuwa takwas kafin sanyin ƙarshe ya wuce, da ya sami gajeren tsiro mai kauri wanda zai cim ma na Fabrairun cikin 'yan makonni. Masu gabatarwa sukan faɗi wannan, amma a jimla ɗaya, hoton da ya zauna a kan mai kallo kuwa na tiren iri ne a cikin ɗakin gilashi.

Maganar sanyin ƙarshe ita ce uwar gardama tsakanin kudu da arewa. A Birtaniya raɓa tana daskarewa da dare har cikin bazararsu, kuma dare ɗaya ya isa ya kashe tumatir da kabewa da wake da furen daliya. A kudancin Ingila hatsarin yakan wuce wajen tsakiyar Mayu, a sassan Sikotland sai an shiga Yuni. Idan aka ce a talabijin wannan makon a fitar da shuka waje, mutumin Aberdeen, a arewacin Sikotland, da ya bi zai wayi gari ya tarar ganye ya yi baƙi ya kwanta. Ƙari a kan haka, ba a ranar ake ɗaukar shirin ba, akwai kwanaki tsakanin ɗauka da nunawa, yanayi kuma yana iya juyawa a tsakani. Shi ya sa mutanen arewa da yawa suka fi riƙe shirin Beechgrove, wanda BBC ta Sikotland ta fara a 1978 daga yankin Aberdeen. Ba shi da ƙyale-ƙyale, an san shi da gwaji: a shuka iri kaza na dankali ko karas a jere, a yi musu kulawa iri ɗaya, a ƙarshen kaka a tono a auna a gaban kyamara, har wanda ya ba da kunya a nuna shi. A ganina wannan ya fi koyarwa nesa ba kusa ba, domin yana nuna gazawa, abin da shirye-shirye masu kyan hoto suke ɓoyewa.

Ko da lokacin ya yi daidai, akwai matakin da ake yawan tsallakewa. Shukar da ta tashi a ɗaki ba a kai ta fili kai tsaye. Ana fitar da ita da rana a ajiye a inuwa inda iska ba ta bugawa, a mayar da ita ciki da yamma, kullum ana ƙara mata awoyi, har kwana 10 zuwa 14, sannan a bar ta ta kwana a waje idan sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10. A talabijin wannan aikin na mako biyu daƙiƙa ashirin ne.

Akwai kuma batun tsakuwa, wanda ya zama abin barkwanci a wurin masu kallon Monty Don, saboda kusan komai zai dasa sai ya ce a zuba ƙananan tsakuwa. Yana da hujja. Ƙasarsa mai nauyi ce, da laka a ciki, yankin kuma ruwa yana kwanciya a lokacin sanyi. Furanni irin su labanda da tulif, waɗanda asalinsu daga wurare masu tsandauri suke, saiwarsu ruɓewa take yi idan ta daɗe a jiƙe. To amma mai lambu a gabashin Ingila, inda ruwan sama bai fi milimita 600 a shekara ba a wurare da yawa, wasu kuma ƙasarsu rairayi ce, idan ya ƙara tsakuwa ya ƙara wa shukarsa ƙishirwa ne. Abin da tasa ƙasar take nema ruɓaɓɓen taki ne mai riƙe danshi. Ko a ƙasar laka ma ana yin kuskure: mutum ya haƙa rami ya zuba tsakuwa a gindinsa kawai, ya ɗora shuka. Ramin ya zama randa, ruwan kewaye duk ya gangaro ciki ya tsaya. Tsakuwar sai an cuɗa ta da ƙasar wurin mai faɗi, ko a ɗaga kunya a dasa a samanta. Haka tsohuwar al'adar jera fasassun tukwane a gindin tukunyar shuka. Ruwa ba ya saurin ratsawa daga ƙasa mai laushi zuwa abu mai manyan ramuka, yana taruwa ne a iyakarsu, don haka kaurin fasassun tukwanen yana tura jiƙaƙƙen wurin sama kusa da saiwa. Guntu ɗaya a kan hujin tukunya don kada ƙasa ta zube ya wadatar.

Gardamar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan ita ce ta ƙasar dausayi, wadda Turawa ke kira peat. Baƙar ƙasa ce da ke taruwa daga gansakuka da ciyayin da suka mutu a cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, kuma kaurinta yana ƙaruwa da kamar milimita ɗaya ne a shekara. Shekaru da dama ita ce ginshiƙin buhunan ƙasar tukunya da ake sayarwa, domin ba nauyi, tana riƙe ruwa, kuma kowane buhu kamar ɗan'uwansa. Haƙo ta yana lalata dausayin, yana kuma sakin iskar kabon da ke daskare a ciki. Geoff Hamilton yana cikin waɗanda suka fara yaƙi da amfani da ita a talabijin, Monty Don ya ɗora. A 2022 gwamnati ta sanar za ta hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila zuwa 2024, shekarar ta zo ta wuce ba a kafa dokar ba.

Masu kallo da yawa suna cewa an yi musu wa'azi an bar su da wahala: sun sayi ƙasar da ba ta da peat, iri ya ƙi tsirowa, wanda ya tsiro ya yi rawaya. Ƙorafin gaskiya ne, amma sau da yawa ba a canza hannu ba ne bayan an canza ƙasa. Sabbin buhunan haɗin zaren ɓawon kwakwa ne da ɓawon itace da zaren katako da ruɓaɓɓiyar sharar lambu. Samansu yana saurin bushewa alhali ciki a jiƙe yake. Wanda ya saba ban-ruwa da ido sai ya yi ta zubawa, saiwa ta shaƙe, ƙananan tsiro su riƙa faɗuwa daga gindi saboda ruɓa, ƙananan baƙaƙen ƙudaje su cika taga. Maganin shi ne a tsoma yatsa har gaɓa ta biyu, ko a ɗaga tukunyar a ji nauyinta, a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan. Na biyu, abincin da ke cikin haɗin yana saurin ƙarewa, zaren katakon ma yana jan sinadarin naitirojin yayin da yake ruɓewa, saboda haka takin ruwa yakan zama dole tun wajen mako na huɗu. Na uku, don shuka ƙananan iri sai an tankaɗe manyan guntayen. Inda masu gabatarwa suka gaza shi ne nan: mai Longmeadow yana haɗa tasa ƙasar da takin lambunsa da ruɓaɓɓen ganyen da ya tara shekara guda ko biyu, mai kallo kuwa buhun kanti ne a gabansa, wanda ingancinsa ke bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani lokaci ma daga shekara zuwa shekara.

Dodon koɗi ma ya raba kan jama'a. Daga Afrilun 2022 an haramta ƙwayar maganin metaldehaid a Ingila da Wales da Sikotland saboda tana cutar da tsuntsaye da bushiya da karnuka, a shekarar kuma ƙungiyar masu lambu ta RHS ta ce ta daina lissafa dodon koɗi cikin maƙiyan lambu. Wanda aka cinye wa jerin latas a dare ɗaya bai ji daɗin wannan magana ba. Abin da ke aiki ba ɓoyayye ba ne: a rena shuka a tukunya har ta yi ƙwari kafin dashe, a yi ban-ruwa da safe maimakon yamma, a fita da tocila da dare a tsince su, in ya zama dole a barbaɗa ƙwayar maganin ferik fosfet tsilla-tsilla.

Wani rukuni na shirye-shiryen daban ne, na gyaran lambu cikin gaggawa. Ground Force, wanda aka fara a 1997 da Alan Titchmarsh da Charlie Dimmock da magini Tommy Walsh, aka ci gaba da shi har 2005, shi ya buɗe wannan ƙofa: a lallaɓa a fitar da mai gida, a juya masa tsakar gida cikin kwana biyu, ya dawo ya riƙe baki. Har lambun Nelson Mandela a ƙauyen Qunu sun gyara a 1999. Jama'a sun so shirin ƙwarai, gadinoni kuwa har yau suna ɗora masa alhakin daɓen katako da ya cika gidajen Birtaniya. Daɓen yana da kyau ranar da aka gama shi. A ƙasar da ruwa ke yawan sauka, musamman a gefen da rana ba ta kaiwa, gansakuka ke hawansa ya yi santsi kamar sabulu, ƙarƙashinsa ya zama gidan ɓeraye. In ana so ya daɗe sai an ɗaga shi daga ƙasa, an bar 'yar tazara ta milimita biyar zuwa takwas tsakanin alluna, an ɗan karkata shi don ruwa ya gangara, a kuma wanke shi duk shekara. Shuke-shuken ma haka. Don hoton ƙarshe ya cika ido, ana sayo masu fure a tukunya a jera su kusa-kusa a tsakiyar zafi. Saiwarsu ba ta kama ba, kowace bishiya tana bukatar bokiti ɗaya ko biyu na ruwa duk mako a bazarar farko da ta biyu, sabuwar ciyawar shimfiɗa kuma ruwa kusan kullum na mako biyu ba tare da an taka ta ba. Waɗanda suka rayu, bayan shekara uku sun cunkushe suna danne juna. Shi ya sa buƙatar da masu kallo suka daɗe suna maimaitawa ita ce a koma a nuna musu lambun bayan shekara biyu.

Bikin furanni na Chelsea, da ake yi a Landan kwana biyar a watan Mayu, ya fi kowanne jawo wannan zargi. Furannin da ake gani sun buɗe tare a can, an tura wasu da ɗumi, an riƙe wasu a ɗakin sanyi, don su haɗu a mako ɗaya. A lambun gida ba za su taɓa haɗuwa ba. A 2022 da aka ba lambun da aka ƙera shi kamar dajin da aka ƙyale, har da madatsar dabbar ruwa ta biba, kyautar da ta fi kowace, an yi ta muhawara ko wannan ma lambu ne.

Karnuka fa? Nigel, karen Monty Don, ya mutu a watan Mayun 2020, labarin ya shiga manyan jaridu. Mai neman darasi yana ganin kowace daƙiƙa da aka ba kare an ɗauke ta ne daga bayanin yadda ake datse reshen tuffa. Amma ba kowa ke kallo da littafin rubutu a hannu ba. Akwai tsofaffin da gwiwa ta hana su durƙuso, akwai mazauna bene da ba su da ko tukunya, su hutu suke nema a daren Juma'a. A lokacin kullen korona aka fara saka gajerun bidiyon da masu kallo suka ɗauka a lambunansu, aka kuma ci gaba da yi bayan kullen. Wasu suna cewa cike gurbi ne mai araha. Ni ina ganin shi ne ɓangaren da ya fi amsa ƙorafin girman fili, tunda a nan ne ake ganin baranda da rufin ɗaki da tsakar gida mai taku goma.

Yanzu da ake samun guntayen waɗannan shirye-shirye a YouTube, masu sha'awar lambu a Kano da Zinder da Kaduna su ma suna kallo, kuma matsalar mutumin Aberdeen tasu ce, sai ma ta fi. Kalandar a juye take. Su suna jiran sanyi ya wuce su dasa tumatir, mu sanyin muke jira: tumatir da kabeji da latas da karas sun fi yin kyau a noman rani lokacin hunturu, domin idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir zubewa yake yi bai ɗaura 'ya'ya ba. In Bature ya ce shuka kaza tana son rana sosai, ranar Ingila yake nufi, a Sakkwato cikin Afrilu wannan shukar rumfa take bukata. Landan tana samun ruwan sama kamar milimita 600 a shekara, a warwatse cikin wata goma sha biyu, Kano tana samun fiye da haka amma cikin wata huɗu. Tulif sai ya yi makonni 12 ko fiye a cikin sanyi ƙasa da digiri 9 kafin ya yi fure, don haka sayen kansa a nan asarar kuɗi ce, ko da kuwa a Jos ne, inda dankalin Turawa da sitiroberi suke yi. Tsakuwa a ƙasar jigawa kuwa ba ta da aiki. Abin da ke ɗaukuwa daga can zuwa nan aikin hannu ne: kama tsiro ta ganye maimakon ta kara lokacin dashe, yanka reshe dab da saman ido da wuƙa mai kaifi, haɗa ɗanyen ganye da busasshe a ramin taki a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, da lulluɓe gindin shuka da ciyawa kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili kewaye da karan saboda gara.